Arne Tiselius: Masanin da ya koya wa duniya tankaɗe jini da lantarki

Duk shekara idan watan Disamba ya gabato, ɗakunan gwaje-gwajen asibitocin Kafanchan, Zonkwa, Kwoi da Kachia kan cika da samari da 'yan mata masu shirin aure. Fasto ko limami ya ce sai an kawo takardar gwajin jinotaif kafin a sa rana. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗebi jini kaɗan, ya ɗiga shi a kan wata siririyar takarda mai danshi, ya sa ta a cikin ƙaramin akwati, ya kunna lantarki. Kafin sa'a guda ta cika jajayen layuka sun bayyana, kuma daga inda kowane layi ya tsaya ake rubuta AA ko AS ko SS. Aure nawa aka ɗaura, nawa kuma aka fasa, a kan waɗannan layuka, Allah kaɗai ya sani.

Kaɗan ne daga cikin masu karɓar wannan takarda suka taɓa jin sunan mutumin da aikin ya samo asali daga gare shi. Shi ne Arne Tiselius, masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya rasu tun 1971, bai kuwa taɓa yin aikin likita ba.

Maraya a Gothenburg

An haifi Arne Wilhelm Kaurin Tiselius a birnin Stockholm ranar 10 ga Agusta, 1902. Mahaifinsa masanin lissafi ne da ke aiki a kamfanin inshora, mahaifiyarsa Rosa Kaurin kuwa 'yar wani malamin coci ce daga ƙasar Norway. Yana ɗan shekara huɗu mahaifin ya rasu, sai uwar ta koma da 'ya'yanta Gothenburg, birnin da ke bakin teku a yammacin ƙasar. A can ya yi karatun firamare da na sakandare. Malaminsa na kimiyya ya lura da yadda yaron ke son gwaje-gwaje, ya sakar masa ɗakin gwajin makarantar yana shiga a lokutan da babu darasi.

A 1921 ya shiga Jami'ar Uppsala, wadda aka kafa tun 1477, mafi tsufa a duk ƙasar Suwidin. Abin da ya ja shi can shi ne sunan Farfesa Theodor Svedberg. A 1925 Svedberg ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin bincikensa, shekara guda kafin shi malamin ya karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai.

Matsalar da ta gagari masana

Domin a fahimci abin da Tiselius ya yi, sai an san halin da ilimin furotin yake ciki a wancan zamani. Furotin shi ne ma'aikacin jikin ɗan Adam. Shi ke ɗaukar iska daga huhu zuwa gaɓoɓi, shi ke narkar da abinci, shi ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A cikin ruwan jini kaɗai akwai nau'o'insa masu ɗimbin yawa a cakuɗe, yawancinsu ba su da launi, kuma ba sa jure wahala. Zafi kaɗan ko tsami kaɗan sai su lalace, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a cikin kasko ba ya komawa yadda yake. Hanyar da masana suka dogara da ita a lokacin ita ce zuba gishiri a cikin ruwan jini har wani kaso ya kwanta a ƙasa. Da haka suka raba shi gida biyu, albumin da gulobulin, suka tsaya nan. Da yawa daga cikinsu ma ba su yarda furotin yana da tsayayyen girma da siffa ba.

Svedberg ya ƙera na'ura mai juyi da tsananin gudu wadda ke raba furotin bisa nauyi, ya kuma nuna cewa kowane nau'i yana da nauyinsa da ba ya sauyawa. Amma furotin biyu na iya zama nauyinsu ɗaya, aikinsu daban. Sai ya ɗora wa ɗalibin nasa aikin gwada wata hanya. An daɗe da sanin cewa ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ruwa suna motsi idan aka ratsa lantarki ta cikinsa, domin kowace tana ɗauke da cajinta. Mai caji da yawa za ta yi sauri, mai kaɗan za ta yi nawa. Idan aka ba su lokaci, sai su rabu rukuni-rukuni. Wannan shi ake kira ilektiroforesis, wanda za mu iya kira tankaɗen lantarki.

Duk wanda ya ga macen Kudancin Kaduna tana rairayar acca ya ga irin wannan hikima. Tsaki da ƙwayar acca girmansu kusan ɗaya ne, rariya ba ta raba su. Sai an sa su a ruwa cikin ƙwarya, ana karkaɗawa a hankali, sannan kowanne ya nemi wurinsa. Idan hannu ya yi garaje, komai ya sake cakuɗewa.

Garajen shi ne ya hana Tiselius sakat. Lantarki na ɗumama ruwan da yake ratsawa, tsakiyar bututu ta fi gefensa zafi, ruwan ɗumi ya taso sama, mai sanyi ya nutse, iyakokin da suka fara bayyana su dagule. Ya kammala digirinsa na uku a 1930 a kan wannan batu, jami'a ta yaba, ta ba shi matsayin malami. Shi kuwa bai gamsu ba, domin da ya gwada hanyar a kan ruwan jini bai ga komai a sarari ba. A shekarar ce kuma ya auri Ingrid Margareta Dalén, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyu, Eva da Per.

Shekarun da ya juya baya

Bayan digirin, sai ya ajiye furotin. A Uppsala ta wancan lokaci babu kujerar farfesa a fannin sinadaran halittu, kuma magidanci mai iyali dole ya duba inda abinci yake. Ya koma nazarin wasu duwatsu masu ƙananan ƙofofi da ake kira ziyolayit, yana auna yadda tururin ruwa da iska ke ratsa su. Ana iya ganin shekarun nan kamar ɓata lokaci, amma a cikinsu ya ƙware a kan amfani da haske wajen ganin abin da ido ba ya gani, ya kuma fahimci yadda abubuwa ke maƙalewa a jikin wasu. Duka biyun sun yi masa rana daga baya.

A 1934 Gidauniyar Rockefeller ta ba shi tallafin shekara guda a Jami'ar Princeton da ke Amurka. A zamansa na Amurka ya riƙa haɗuwa da manyan masu binciken furotin da garkuwar jiki, irin su Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunonin jini na A da B da O, da Michael Heidelberger. Ya tarar duk kukansu ɗaya ne: suna da tambayoyi, ba su da hanyar raba abin da ke hannunsu. Suka nuna masa cewa aikin da ya yasar shi ne abin da suke nema. Ya koma gida a 1935 da niyyar sake gina na'urarsa daga tushe.

Na'urar 1937

Gyare-gyaren da ya yi ba su da yawa, amma kowanne ya kashe wata matsala. Ya sauya bututu mai zagaye da wani siriri mai faffaɗan gefe, mai siffar harafin U, domin zafi ya riƙa fita da wuri. Ya nutsa bututun cikin ruwa mai sanyin digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, domin a daidai wannan sanyi ne ruwa ya fi nauyi, kuma ɗan bambancin zafi ba ya sa shi juyawa. Da haka ya sami damar ƙara ƙarfin lantarkin ninki-ninki ba tare da iyakokin sun dagule ba. Ya yi bututun gaɓa-gaɓa yadda za a iya zame kowace gaɓa a ɗebe abin da ya taru a cikinta. Sannan ya haska fitila ta cikinsa zuwa kyamara. A duk inda wani furotin ya ƙare wani ya fara, hasken kan ɗan karkata, sai wurin ya fito a hoto kamar baƙin layi.

Da ya zuba ruwan jinin doki, sai layuka huɗu suka fito. Na gaba shi ne albumin. Abin da aka daɗe ana kira gulobulin ashe uku ne, ya raɗa musu sunayen haruffan Girka: alfa, beta da gamma. Sunayen nan har yau su likitoci ke amfani da su a duk duniya. Ya wallafa bayanin na'urar a 1937 a mujallar ƙungiyar Faraday ta Ingila.

Ba da jimawa ba wani matashin Ba'amurke, Elvin Kabat, ya zo Uppsala. Tare suka gwada jinin zomayen da aka yi wa allurar wani furotin baƙo, suka ga kason gamma ya kumbura. Da suka cire sinadaran garkuwar da zomayen suka samar, sai kason ya sace. A 1939 suka bayyana cewa yawancin sojojin garkuwar jiki a cikin gamma gulobulin suke. A 1938 kuma wani attajirin Gothenburg, Manjo Herbert Jacobsson, da matarsa suka ba jami'ar kyautar kuɗi aka kafa kujerar farfesa ta musamman domin Tiselius.

Na'urar tana da tsada, tsawonta ya kai mitoci da dama, tana buƙatar ruwan jini mai yawa, kuma gwaji ɗaya kan cinye yini. Duk da haka manyan cibiyoyin bincike suka yi ta ƙera irinta. Likitoci suka fara ganin cewa cututtuka na sauya fasalin layukan. Mai ciwon hanta da mai ciwon ƙoda kowanne da nasa zane, haka mai wata sankarar ɓargo da ke sa layi guda ya yi tsini fiye da kima. A 1952 wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, ya gwada jinin wani yaro da ke yawan kamuwa da cututtuka, ya tarar ba shi da layin gamma sam. Ya fara yi masa allurar gamma gulobulin, yaron ya samu sauƙi.

A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu Tiselius ya karkata ga hanya ta biyu ta rabewa, wadda ake bi da ruwa ta cikin gari kamar na gawayi, kowane sinadari ya maƙale gwargwadon ƙarfinsa, ya fito a lokacinsa. Shi da Stig Claesson suka tsara ka'idojinta. A ɗakin bincikensa ne kuma Björn Ingelman da Anders Grönwall suka gano cewa dekstiran, wani abu mai yauƙi da ke damun masana'antun sukari, zai iya maye gurbin ruwan jini ga wanda ya zubar da jini da yawa. A 1948 aka ba Tiselius lambar Nobel ta sinadarai saboda waɗannan hanyoyi biyu da abin da ya gano game da furotin ɗin jini. Yana da shekara 46.

Inda labarin ya iso gare mu

Shekara guda bayan haka, a Nuwambar 1949, Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu biyu a Kalifoniya suka zuba jan sinadarin jini, wato himogulobin, na masu cutar sikila a cikin na'ura irin ta Tiselius. Suka ga tafiyarsa ta bambanta da ta masu lafiya. Jinin iyayen da ke ɗauke da cutar ba tare da ta kwantar da su ba kuwa ya nuna nau'o'in biyu a haɗe. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa wata cuta ta samo asali daga aibi a cikin furotin guda. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Cambridge ya gano aibin: a jerin tubalan da suka gina sarƙar beta ta himogulobin, tubali na shida ne aka musanya, mai caji ya fita, marar caji ya shiga. Shi ya sa nau'in S ke bin bayan nau'in A a cikin lantarki, nau'in C kuma, wanda ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, yake bin bayan su duka.

Kafin wannan ilimi ya iso asibitin karkara, sai da na'urar ta ƙanƙance. Shi kansa Tiselius ya taimaka wajen yi wa ƙirarsa ritaya. A 1951 shi da Henry Kunkel suka bayyana yadda za a yi tankaɗen a kan takardar tacewa, da ɗigon jini kawai. A 1957 Joachim Kohn a Landan ya kawo takardar selulos asitet, irin wadda har yau ake amfani da ita a ɗakunan gwaji da yawa na Nijeriya.

Babu ƙasar da wannan ya shafa kamar tamu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da irin sikila, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara. A shekarun 1970, lokacin aikin binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda ke Jihar Jigawa a yanzu, Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun bi jinin mutanen ƙauyuka da wannan hanya. Sun tarar kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da SS, amma da wuya a sami mai SS a cikin manya, domin mafi yawansu ba sa wuce ƙuruciya. Amosanin jinin da kakanni suka sani da ciwon ƙashi lokacin sanyi ya samu bayani da lissafi. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ko na fari ne ko na biyar. Majami'u da masallatai da yawa sun daɗe da neman takardar gwaji, kuma a 2024 Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka.

Sai dai gwajin yana da iyakarsa, kuma ya kamata masu shirin aure su san ta. Wanda aka ƙara wa jini a watanni ukun da suka wuce zai iya nuna jinin wanda ya ba shi. Jariri sabon haihuwa yana cike da himogulobin ɗin ciki, wanda ke rufe sauran. Akwai kuma wasu nau'o'i da ba su da yawa waɗanda ke tsayawa daidai inda S ke tsayawa. Tsohon ruwan gwaji, da wutar da ke ɗaukewa ana tsakar aiki, da rashin samfurin da aka tabbatar domin kwatantawa, duk suna iya ɓata sakamako. Wanda zai gina rayuwarsa a kan takarda guda, gara ya maimaita gwajin a wani wurin daban.

Daga kwalba zuwa ƙwaya guda

Tiselius ya yi imani cewa sabuwar hanyar aunawa ta fi sabon ra'ayi buɗe ƙofofi, kuma a kan haka ya tarbiyyantar da ɗalibansa. Jerker Porath da Per Flodin sun fito da Sephadex a 1959, wani gari mai kumbura da ke tace furotin bisa girma, wanda kamfanin Pharmacia na Uppsala ya sayar wa duniya. Stellan Hjertén ya mayar da tankaɗen cikin siririn bututu mai faɗin milimita kaɗan a 1967. A 1981 James Jorgenson a Amurka ya kai shi cikin bututu mai kaurin gashin kai. A 1979 kuma Harry Towbin da abokan aikinsa a Basel suka haɗa manyan abubuwa biyu da Tiselius ya yi aiki a kansu: a raba furotin da lantarki, sannan a aika sinadarin garkuwa ya nemo wanda ake so daga cikin dubbai.

Buƙatar wannan ƙanƙancewa ta fi fitowa fili a binciken ƙwayoyin tushe, wato uwayen ƙwayoyin halitta da ke zaune a cikin ɓargo suna haifar da dukkan ƙwayoyin jini. James Till da Ernest McCulloch ne suka tabbatar da samuwarsu a Toronto a 1961. Ba su da yawa, a cikin dubban ƙwayoyin ɓargo da ƙyar a sami ɗaya, kuma ko waɗanda aka tattara ba halinsu ɗaya ba. Wata tana barci, wata ta fara rikiɗa. Idan aka niƙa miliyoyi wuri guda aka auna, sai a sami matsakaicin da bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi ya sa masana suka yi ta rage adadin da ake buƙata. A 2006 aka bayyana hanyar auna furotin daga ƙwayoyi kusan 25 a cikin siririn bututu. A 2014 ɗakin binciken Amy Herr a Berkeley ya nuna yadda za a jefa ƙwayoyi ɗai-ɗai cikin dubban ƙananan ramuka a kan gilashi, a fasa kowace a raminta, a ja furotin ɗinta da lantarki, kuma da ƙwayoyin tushe na ƙwaƙwalwa suka gwada. Ka'idar ita ce dai ta 1937.

Wannan bincike ya dawo kan sikila. Dashen ɓargo, wanda a haƙiƙa dashen ƙwayoyin tushe ne, shi ne maganin da ke raba mutum da cutar. An fara ganin haka a Amurka a 1984, kuma a 2011 aka yi na farko a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin da ake ciro ƙwayoyin tushen majiyyaci, a gyara su, a mayar masa. Kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowane gida a ƙasar nan. Ga iyalin da ke Kagoro ko Gidan Waya, ɗigon jinin da ake ɗorawa a kan takarda kafin aure shi ne har yanzu kariya mafi kusa.

Shekarun ƙarshe

Bayan Nobel, ayyukan shugabanci suka rage masa lokacin ɗakin gwaji. Ya shugabanci majalisar binciken kimiyya ta Suwidin daga 1946 zuwa 1950, da ƙungiyar masana sinadarai ta duniya daga 1951 zuwa 1955, da Gidauniyar Nobel daga 1960 zuwa 1964. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da kawaici da sanyin magana, kuma ba ya maƙala sunansa a kan aikin ɗalibi don kawai shi ne shugaba. Idan ya samu hutu, daji yake shiga da kyamara yana ɗaukar hotunan tsuntsaye.

A ƙarshen rayuwarsa ya damu ƙwarai da yadda ilimin kimiyya ke gudu ya bar tunanin amfani da shi a baya. Shi ya assasa tarukan masana na Nobel, kuma a 1969 ya jagoranci wanda aka yi a Stockholm a kan matsayin ɗabi'a da daraja a duniyar da ta cika da bayanai. Ya yi ritaya daga kujerarsa a 1968. Ranar 29 ga Oktoba, 1971, ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Uppsala yana da shekara 69. Daga baya masana taurari suka sa sunansa a kan wani rami da ke bayan wata, a ɓangaren da ba a hangowa daga duniya.